Yadda hukuma za ta buɗe bayananta a intanet, ta kuma saurari jama'a da gaske

Aikin yana farawa ne daga ofishin karɓar wasiƙu. Ku ɗauko duk buƙatun bayani da suka shigo hukumarku cikin wata 12 da suka wuce: wasiƙun 'yan jarida, na ɗaliban jami'a, na 'yan kwangila, na ƙungiyoyin sa ido, har da tambayoyin da ake ta nanatawa a shafinku na Facebook ko X. Ku jera su, ku ƙirga abin da aka fi nema. Za ku tarar abubuwa kaɗan ne ke ta dawowa: kasafin kuɗi da abin da aka kashe a zahiri, kwangilolin da aka bayar da waɗanda suka samu, jerin asibitoci ko makarantu da inda suke, sakamakon binciken tsafta, jadawalin motocin haya. Da waɗannan za ku soma. Hukumomi da dama sukan fara da abin da ya fi sauƙin fitarwa, sai a cika dandalin intanet da kundayen bayanai 200 da ba wanda ya tambaya, abin da mutane ke nema ruwa a jallo kuwa yana kulle a durowar wani darakta. Kundi 5 zuwa 10 da ake nema sun ishe ku farkon aiki.

Kowane kundi a buɗe masa layi a rajista guda: sunansa, sashen da ke tattara shi, inda yake ajiye, sau nawa yake canzawa, ko akwai bayanan mutane a ciki, ko akwai dokar da ta hana fitar da shi. Gurbi mafi muhimmanci a rajistar shi ne na mai kula da kundin. A rubuta muƙami da sunan wanda ke kai, a rubuta mataimakinsa, a kuma sa aikin sabuntawa cikin takardar ayyukansa. Amurka ta buɗe dandalin bayananta, data.gov, a watan Mayun 2009 da kundaye 47 kacal, Birtaniya ta biyo baya da data.gov.uk a Janairun 2010, Kenya ta buɗe nata a Yulin 2011, kuma a shekarar ce ƙasashe 8 suka kafa ƙawancen gudanar da gwamnati a fili, wato Open Government Partnership. Dandali da yawa da aka ƙaddamar da kiɗa da ganga a duniya bayan wannan lokaci sun tsaya cak, kuma ga ɗaya daga cikin dalilan: an yi wa jami'in da ya ɗauki abin da zafi canjin wurin aiki, ba a kuwa rubuta wa kowa cewa shi zai ci gaba ba.

Gyaran fayil

Nan ne yawancin gumin yake, nan ne kuma aka fi yin sakaci. Rahoton PDF da aka ɗauki hotonsa daga takarda mutum zai iya karantawa, amma kwamfuta ba za ta iya tara lambobinsa ba, sai wani ya zauna ya sake buga su da hannu, kuskure kuma ya shigo. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo, ya ba da ma'auni na taurari 5 a 2010. Tauraro 1 na duk abin da aka ɗora da lasisin da ya yarda a yi amfani da shi ne, 2 na wanda na'ura za ta iya karantawa kamar fayil ɗin Excel, 3 na wanda ba ya buƙatar manhajar wani kamfani kamar CSV, wato tebur na rubutu zalla da aka raba gurabensa da waƙafi. Ku nufi tauraro na 3, ku tsaya a nan har aikin ya zauna. Na 4 da na 5 suna da amfani, amma ba su ne ke hana mutane cin moriyar bayananku ba.

Fayil ɗin CSV mai kyau yana da layin kai guda ɗaya tak, mai ɗauke da sunayen ginshiƙai. Kowane layi bayan wannan abu ɗaya ne: kwangila ɗaya, makaranta ɗaya, biyan kuɗi ɗaya. Kada a haɗe gurabe, kada a cusa layin jimilla a tsakiya, domin wanda ya tara ginshiƙin zai ƙirga kuɗin sau biyu bai sani ba. Kada launi ya ɗauki ma'ana. In kun saba shafa ja ga ayyukan da suka tsaya, launin zai ɓace da zarar an mayar da fayil CSV, saboda haka ku buɗe ginshiƙi mai suna "matsayi" ku rubuta kalmar. Kwanan wata a rubuta shi shekara, wata, rana, bisa tsarin ISO 8601, misali 2024-03-04. In kun rubuta 03/04/2024, Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris, Baturen Ingila ya karanta 3 ga Afrilu. Kuɗi a rubuta shi lamba zalla, ba waƙafi, ba alamar kuɗi, a ambaci nau'in kuɗin a ginshiƙi dabam. Ku bambanta sifili da gurbin da ba a cika ba: asibitin da ba a haifi kowa a cikinsa ba a watan, da asibitin da bai aiko rahoto ba, ba ɗaya suke ba, kuma in kun sa musu 0 duka, matsakaicin da za a fitar ƙarya ne.

Sai abubuwa biyu da Excel ke ɓatawa ba tare da gargaɗi ba. Na farko, yakan cinye sifilin farkon lamba, lambar makaranta 00417 ta koma 417, ta daina dacewa da ta sauran kundaye. Ku ayyana irin wannan ginshiƙi a matsayin rubutu kafin ku shigar da komai. Na biyu, iyakar layuka. Tsohon tsarin XLS yana tsayawa a layi 65,536, sabon XLSX a 1,048,576. A Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon gwajin korona 15,841 bai shiga ƙidaya ba, saboda fayil ɗin da ake tara su na tsohon tsari ne, yana cika sai sauran su zube. Darasin aiki a nan shi ne ku riƙa ƙirga layuka a tushe, ku ƙirga a fayil ɗin da za ku ɗora, in ba su zo daidai ba kada ya fita. Ku kuma adana da tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba sunaye masu ƙ, ɗ, ɓ da makamantansu a wasu harsuna za su koma alamar tambaya.

Kowace makaranta, kowane kamfani, kowace gunduma a ba ta lambar da ba ta canzawa. Suna yakan zo da rubutu iri uku ko huɗu, wani da gajartawa wani da kuskuren bugu, amma lamba ita ke ba mutum damar haɗa kundin kasafi da na sakamakon jarrabawa ya ga ko kuɗin ya yi aiki.

Kusa da kowane fayil a ajiye takardar bayaninsa: abin da ya ƙunsa, daga yaushe zuwa yaushe, wane yanki, yadda aka tattara, ranar sabuntawa ta ƙarshe, ranar ta gaba, da imel ɗin ofis wanda ake dubawa. A fassara kowane ginshiƙi da jimla guda. A faɗi giɓin da aka sani, misali cewa gundumomi 2 ba su aiko alƙaluman wata kaza ba. Jami'ai kan ji nauyin rubuta wannan, amma shi ke sa a yarda da sauran. Tsarin DCAT na W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ya tanadi gurabe na irin wannan bayani, kuma in kun bi shi dandalin ƙasa zai iya kwaso jerin kundayenku da kansa. Lasisi kuma a rubuta shi ƙarara. Lasisin CC BY 4.0 yana ba kowa izini muddin ya ambaci tushe, CC0 ba ya gindaya sharaɗi ko ɗaya, Birtaniya kuma ta yi nata, Open Government Licence, tun 2010. In babu lasisi, lauyan kowane kamfani zai ce kada a taɓa. Kada ku tilasta wa mutum yin rajista ko faɗin dalilinsa kafin ya sauke.

Sirrin mutane

Goge suna ba ya wadatarwa, kuma wannan ne kuskuren da ya fi cutar da mutane. Wata mai bincike, Latanya Sweeney, ta lissafa daga ƙidayar 1990 cewa kimanin kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ana iya gane su da abu uku kawai: lambar unguwa ta gidan waya, jinsi, da cikakken kwanan haihuwa. A 2014 hukumar tasi ta birnin New York ta fitar da bayanan tafiye-tafiye miliyan 173, bayan ta rikiɗa lambobin motoci da na direbobi da lissafin MD5, wanda ke mayar da kowace lamba wani jerin haruffa da lambobi. Da yake lambobin suna da tsari sananne kuma yawansu bai fi ƙarfin kwamfuta ba, sai aka lissafa dukan lambobin da za su iya kasancewa, aka gwada, aka dawo da na ainihi. Daga nan ana iya ganin inda kowane direba ya je da abin da ya samu.

Saboda haka ku bi fayil ginshiƙi bayan ginshiƙi. Suna, lambar waya, lambar shaida, adireshin gida, a cire su gaba ɗaya. Kwanan haihuwa a mayar da shi rukunin shekaru, kamar 30 zuwa 34. Wurin da taswira ta nuna daidai ƙofar gida a faɗaɗa shi zuwa unguwa ko gunduma. Gurbin da ma'aikata ke rubuta sharhi da hannu a cire shi ko a karanta shi layi-layi, domin nan ake samun "matar wane ce ta kawo ƙara". In dole ne a bar lambar da za ta haɗa layukan mutum ɗaya, a ƙirƙiro ta ba tare da alaƙa da ta ainihi ba, a ɓoye teburin da ya haɗa su.

Sai ƙananan lambobi. Hukumomin ƙididdiga da yawa ba sa buga adadin da ya gaza 5 ko 10 a al'amari mai nauyi kamar cuta. Amma ku lura da wannan: a ce gunduma tana da ƙauyuka 4, jimillar masu wata cuta 60, kun buga 25 da 20 da 12, kun ɓoye na huɗu. Yaron firamare zai ɗebe 57 daga 60 ya ce 3. Dole a ɓoye gurbi na biyu, ko a haɗe ƙauyuka biyu wuri guda. Kafin fayil ya fita, a miƙa shi ga wani jami'in da bai shirya shi ba, a ce ya yi ƙoƙarin gano mutum ɗaya da ya sani a ciki. In ya iya, a koma gyara. Magana zarar bunu ce, fayil ɗin da aka sauke kuma ba ya dawowa ko kun cire shi daga shafinku bayan awa ɗaya.

Batun dandalin kansa gajere ne. In kundayenku ba su wuce 20 ba, shafi guda mai tsabta a gidan yanar hukumarku ya isa. In sun yi yawa, CKAN manhaja ce ta kyauta da ƙasashe da dama ke amfani da ita, tana da wurin bincike da hanyar API da wasu manhajoji za su riƙa jan bayanai kai tsaye. Ko wanne kuka zaɓa, adireshin kowane fayil kada ya canza, domin duk manhajar da wani ya gina a kansa za ta mutu ranar da kuka sauya shi. Sunan shafi da kalmomin sirri su kasance a hannun hukuma, ba a hannun ɗan kwangilar da ya gina ba. Inda duniya ta riga ta amince da tsari, ku bi shi: GTFS na jadawalin sufuri, wanda ya samo asali daga haɗin gwiwar hukumar sufurin Portland da Google a 2005, da kuma Open Contracting Data Standard na kwangiloli, wanda ProZorro, tsarin bayar da kwangilolin gwamnatin Yukren, ya ginu a kai.

Sauraron jama'a

Kafin ku buɗe kowace kafa ta jin ra'ayi, ku zauna da mai yanke hukunci ku tambaye shi: mene ne zai iya canzawa saboda abin da mutane za su faɗa? In amsar ita ce babu, ku fitar da sanarwa kawai, kada ku kira shi neman ra'ayi. Mutanen da aka tambaya sau ɗaya aka yi biris da su ba sa dawowa karo na biyu. In kuwa akwai abin da zai canza, ku rubuta iyakarsa a saman shafi: an riga an yanke cewa za a gina tashar, ana neman ra'ayi ne kan wuri da hanyar shiga.

Kafar kai ƙorafi dabam take da ta neman ra'ayi, kada a gwama su. Ga ƙorafin rami a titi, fashewar bututu ko fitilar da ta mutu, abin da ake bukata shi ne wuri a taswira, hoto, da nau'in matsala daga gajeren jeri. Shafin FixMyStreet a Birtaniya yana wannan tun 2007. Kowane rahoto ya samu lamba nan take, ya faɗa kai tsaye ga sashen da ke gyaran, ya kuma nuna matsayinsa a fili: an karɓa, an duba, an sa rana, an gyara. Ku ayyana wa'adi ga kowane nau'i, wanda za ku iya cikawa. Abin da ya fi kashe irin wannan kafa shi ne ma'aikata su riƙa rufe rahoto da zarar sun tura shi wani sashe, don alƙalumansu su yi kyau. Maganinsa a hana rufewa sai da hoton gyara, a kuma ba wanda ya kawo rahoton damar sake buɗe shi cikin mako 2.

Neman ra'ayi kan doka ko manufa yana son lokaci. Hukumar Tarayyar Turai takan ba da mako 12 ga manyan shawarwarinta. In ba za ku iya haka ba, kada dai ku yi ƙasa da wata guda, kada kuma ya faɗa tsakiyar hutu. Ku ɗora cikakken daftari tare da taƙaitawa ta shafi 2 cikin harshen da mutane ke magana da shi. Tambayoyi kada su wuce 10, kowace ta tsaya kan abu ɗaya, ba tare da jan mutum zuwa amsar da kuke so ba, a kuma bar gurbin da zai faɗi abin da ba ku tambaya ba.

Ku sani tun farko cewa za a yi ƙoƙarin cika muku akwati da saƙonnin bogi. A 2017 hukumar sadarwa ta Amurka ta karɓi sharhi sama da miliyan 22 kan shirin soke dokar da ta hana kamfanonin intanet fifita wasu shafuka a kan wasu, kuma binciken ofishin babban lauyan jihar New York da ya fito a 2021 ya nuna kusan miliyan 18 na ƙarya ne, da yawa da sunayen mutanen da ba su san an yi ba. Tabbatar da lambar waya ta hanyar tura lambar sirri yana rage wannan. Tattara saƙonni masu kalmomi iri ɗaya wuri guda yana rage aikin karatu. Amma babbar kariya ita ce ku bayyana cewa wannan ba ƙuri'a ba ce, hujja ake aunawa. Wasiƙa guda daga direban motar asibiti da ya nuna cewa sabon tsarin hanya zai toshe ƙofar gaggawa ta fi kwafi dubu na jimla ɗaya nauyi.

Bayan an rufe, a raba amsoshi zuwa jigogi, mutum biyu su yi rabon kowa shi kaɗai a kan kaso guda don a ga ko fahimtarsu ta zo ɗaya. Sannan a fitar da rahoto a ranar da aka yi alkawari, mai ginshiƙai uku: abin da kuka ce, abin da muka yi, dalili. Ginshiƙi na uku shi ne wanda ake gudu, musamman inda aka ƙi shawara, amma mutum yakan haƙura da "a'a" mai dalili. Shafin koke na majalisar Birtaniya ya ɗaure kansa da alkawari a rubuce: koken da ya samu sa hannu 10,000 gwamnati za ta amsa, wanda ya kai 100,000 a duba yiwuwar muhawara a kansa. Irin wannan alkawari mai lamba shi ya kamata ku kwaikwaya, gwargwadon ƙarfinku. In kuna son jama'a su kawo shawarar ayyuka su kuma zaɓa, akwai manhajojin kyauta da aka gwada: Consul da birnin Madrid ya fara da ita a 2015, da Decidim ta Barcelona daga 2016.

Waɗanda ke amsawa a intanet ba su ne dukan jama'a ba, sun fi karkata ga matasa, masu ilimin boko, mazauna birni. Ku buɗe hanyar saƙon tes ko USSD, ku ajiye fom na takarda a ofisoshinku, ku yi taron ido da ido, sannan duk abin da ya shigo a zuba shi rajista ɗaya da na intanet, a auna shi da mudu ɗaya. Ku gwada shafinku a ƙaramar waya mai arha inda sabis ke da rauni. In fom ɗin ya goge abin da mutum ya rubuta saboda intanet ta yanke, ba zai sake ba. Ku gwada shi kuma da manhajar da ke karanta wa makafi allo, bisa ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafukan intanet.

Shafukan sada zumunta suna da kyau wajen shela da amsa gajerun tambayoyi, amma kada su zama ma'ajiyar hukuma, domin dokokinsu na kamfani ne. A buɗe su da imel ɗin ofis, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a cire duk wanda ya bar aiki a ranar. A rubuta ƙa'idar gogewa a manna ta a sama: zagi, barazana, talla, da tona bayanan wani. Suka mai zafi ba ta cikin jerin. Abin da aka goge a ajiye kwafinsa da dalili. In wani ya kawo ƙorafi a can, a buɗe masa lamba a kafar ƙorafi, a mayar masa da ita a ƙarƙashin saƙonsa.

A rahoton wata-wata, yawan mabiya ba ya nuna komai. Ku kawo wa shugabanni lambobi uku: kashi nawa na kundaye aka sabunta a ranar da aka faɗa, kwana nawa ƙorafi ke ɗauka kafin a gyara, da shawarwari nawa aka rufe ba a fitar da rahotonsu ba. Za a kuma samu wanda zai rubuto ya ce lambar da ke layi kaza ba daidai ba ce. Ku amsa masa cikin kwanakin aiki 5, ku gyara a tushe domin kada kuskuren ya dawo a sabuntawa ta gaba, ku rubuta a takardar bayanin fayil ranar da aka gyara da abin da ya canza, ku kuma bar tsohon fayil a ajiye da kwanan watansa saboda wanda ya riga ya yi lissafi da shi.